Sunan da Na Kira a Filin Tasha

Duk lokacin da aka zauna a mashayar garinmu aka fara musun wane ɗan wasa ne ya fi kowa tasiri a ƙwallon ƙungiyoyin ƙasar nan, shiru nake yi in bar su su gama. Wannan ya kawo wanda ya tsallaka Ingila ya yi suna, wancan ya kawo wanda ya fi kowa zura ƙwallo a Dublin. Yaran yanzu, da ba su taɓa tsayawa cikin ruwan sama sun kalli wasa ba, su ne ma suka fi kowa ɗaga murya. In sun gaji sai in ce musu Malachy Durkan. Su dube ni su ce, waye kuma shi? A nan raina yake ɓaci, kuma har na tsufa ban koyi ɓoye ɓacin rai ba.

Sunana Fintan Hession. Ni ne mai lasifikar Filin Tasha, filin ƙungiyarmu ta Kilvarna United, a shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai. Sauran kwanakin mako motar burodi nake tuƙawa. Ranar Lahadi kuwa, da an taso daga coci, sai in hau wani ɗan akurkin katako da ke saman rumfar 'yan kallo in karanto sunayen 'yan wasa. Matata Dympna ita ke bakin ƙofa tana karɓar kuɗin shiga.

Ƙwallo biyu ake bugawa a Kilvarna. Akwai ta gargajiya, ta kakanninmu, wadda ake cafewa da hannu. Akwai tamu ta ƙafa zalla, wadda sojojin Ingila suka tafi suka bari, shi ya sa masu ƙinta suke ce mata wasan 'yan bariki. Ƙungiyar wasannin gargajiya tana da doka a wancan zamani: duk ɗanta da ya buga wasanmu, kai ko kallo kawai ya yi, an dakatar da shi. Don a tabbatar, kwamitinsu yakan turo mai sa ido filinmu kowace Lahadi. Shi kaɗai aka yarje wa shiga. Ba ya biya, don ba kallo ya zo ba, fuskoki ya zo gani.

Mai sa idon garinmu shi ne Malam Durkan, shugaban makarantar firamare, wanda ya koya wa rabin garin karatu ya kuma zane sauran rabin. Yana saurayi sojojin bariki suka harbe yayansa a bakin gada. Saboda haka in ya ce wasan 'yan bariki, ba tsokana yake yi ba, da gaske yake. Ni ban taɓa ƙaunarsa ba, amma ban taɓa cewa ba shi da dalili ba.

To, ɗansa Malachy shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar gargajiya ta garinmu. Kuma shi ne mai lamba tara a Kilvarna United.

Yadda ake yi ke nan. In na zo kan lamba tara sai in ce Tom Blake. Babu wani Tom Blake a duk gundumar, ni na ƙago shi wata safiya ina jiran burodi ya fito daga tanda. Kowa ya san waye. Fadan coci ya sani, 'yan sanda sun sani, masu dakon tashar jirgin ruwa da suka cika rumfa sukan yi ihu, “Tom! Tom! Gaida Malam!” su bushe da dariya. Shi kuwa Malam Durkan, da ya shigo sai ya cire tabaransa ya sa a aljihu, ya je can kusurwa bayan raga ya tsaya kamar an dasa shi. In kwamiti ya tambaye shi, sai ya ce bai ga fuskar mai lamba tara ba, amma ya ji lasifika ta ce Tom Blake. Mutumin da bai taɓa yin ƙarya ba a rayuwarsa, haka ya samo hanyar da zai bi. Ƙaryar ni nake yi masa, kuma kakar wasa biyu na yi ina yi.

Abin ya lalace ne a kan Packie Lavelle. Packie ɗan ɗan dako ne, gola a ƙungiyoyin biyu, shi ma da sunan aro. Wata ƙungiyar ƙauye da aka doke ta kai ƙara, aka kira Malam aka tambaye shi ko ya ga Packie a Filin Tasha. Ragar Packie tana gab da inda Malam yake tsayawa, ko makaho zai gane shi. Malam ya ce ya gan shi. Aka dakatar da Packie. Aka tambaye shi mai lamba tara fa, ya ce Tom Blake ya ji an kira.

Wannan ya faru ne daidai lokacin da ƙungiyar gargajiyar garinmu ta kai wasan ƙarshe na gunduma, abin da ba a gani ba tun muna yara. An rataya tutoci a kowane kanti. Tsofaffi suna tare Malachy a hanya suna shafa kafaɗarsa. Kowa ya san in babu shi babu kofi. Sai Lahadin da ta rage mako guda a yi wasan ƙarshen ta faɗo daidai da zuwan wata babbar ƙungiya daga Dublin Filin Tasha.

Ranar Asabar da hantsi ina sauke burodi a kantin bakin teku, sai ga Malachy ya fito daga inda yake gyaran jiragen masunta, hannunsa duk kwalta. Ya jingina da motata.

“Fintan, gobe sunana za ka kira.”

“Ai kullum ina kira.”

“Bar wasa. Sunan da aka yi mini baftisma da shi nake nufi.”

Na ajiye tiren burodin. “Kai, hayaƙin kwalta ne ya hau maka kai? Saura mako guda wasan ƙarshe!”

“Na sani.”

“To ka jira mana. Ka ɗauko musu kofinsu, washegari ka zo in kira ka da sunanka da na ubanka da na kakanka, har da na karenku in kana so.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Jiya na ga Packie a bakin filin atisaye. Tsaye yake a waje, ya kama shinge yana leƙenmu. Tun muna 'yan shekara takwas muke buga ƙwallo tare. Da ya gan ni sai ya ɗaga mini hannu ya ce, sannu Tom. Ba da fushi ba, Fintan. Da ma zagina ya yi da ya fi mini.”

“Packie ba shi da uba a kwamiti, shi ke nan. Ba kai ka yi duniya haka ba.”

“Ba ni na yi ta ba, amma ni nake cin moriyarta. In na jira sai na ɗauki kofi, me na yi ke nan? Na ci na goge baki.”

“Malam fa? Ka san me za ka ja masa? In ya ji sunanka da kunnensa, ba shi da inda zai ɓuya. Ko ya kai ƙarar ɗansa, ko ya yi ƙarya gari duka na kallo. Tsohon nan ba zai yi ƙarya ba, ka fi ni sani.”

“Shi ya sa nake so ya ji.”

“Garin nan ba za su yafe maka ba.”

“Su riƙe yafiyarsu. Ni ba ɓarawo ba ne da zan riƙa shiga fili da sunan wani. Ƙwallo nake bugawa. Za ka kira, ko in hau akurkin nan naka in kira da kaina?”

Na dube shi. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, don rabin masu sayen burodina 'yan gargajiya ne. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da ya daɗe yana ci na. Na gaji. Na gaji da a ce wasan da nake so abin kunya ne. Na gaji da ganin ɗan wasan da ya fi kowa a ƙasar nan yana zura ƙwallaye, jaridun Dublin suna yabon wani Tom Blake da babu shi.

Na ce, “Ba wanda zai hau akurkina. Lasifikata ce.”

Da na gaya wa Dympna a gida, tana feraye dankali, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, “In za ka kira, ka kira da ƙarfi. Kada ka tsaya kana in-ina kamar ranar da ka zo neman aurena.”

Lahadi ta zo da yayyafi, kamar kullum. Fili ya cika maƙil saboda baƙin Dublin, waɗanda suka fito da rigunansu masu sheƙi suna kallon ciyawarmu kamar makiyayar tumaki. Gaskiya kuwa tumaki na kiwo a kanta ranakun aiki, amma wannan ba ruwansu. Na ga Malam ya shigo, ya ɗaga wa Dympna hula, ya wuce ba tare da ya biya ba, ya cire tabarau, ya tafi kusurwarsa.

Na fara da baƙi. Na zo kan namu. Da na kai kan gola, ban san lokacin da bakina ya riga ni ba, na ce, “Lamba ɗaya, Packie Lavelle.” An riga an dakatar da shi, ba abin da ya rage a ɓoye. 'Yan dako suka tafa. Na ci gaba, biyu, uku, har takwas. Malachy yana tsakiyar fili, bai dubo ni ba, kusurwar ubansa yake kallo.

Na matso da bakina na ce, “Lamba tara, Malachy Durkan.”

Rumfar da ta riga ta buɗe baki za ta yi ihun Tom ta tsaya cak. Ban taɓa jin Filin Tasha ya yi shiru haka ba. Wani daga baya ya ce, “Fintan ya sha ya bugu ne?” Don kada a ce kuskure ne, na sake faɗa, a hankali, da ƙarfi.

Kowa ya juya wajen Malam. Sai Malam ya sa hannu a aljihu ya fito da tabarau ya maƙala, ya kalli ɗansa sosai, shi ma ɗan ya kalle shi. Daga nan ya gyara hularsa ya bi ta gefen fili, mutane suna dare masa hanya, ya fita ta ƙofa.

Tausayin Malachy ya kama ni. Ya san haka za ta faru, amma sani daban, ganin bayan ubanka yana fita daban. Alƙalin wasa ya hura usur. Farkon wasan nan Malachy bai iya komai ba, ƙwallo tana zuwa masa tana wucewa kamar bai san ta ba. 'Yan Dublin suka zura mana ɗaya. Wasu 'yan gargajiya da suka saba leƙe ta saman katangar tasha suka fara ɗaga murya. “Maci amana! Ka sayar da garinku!”

Daga akurkina ina hango ƙofa. Can sai na ga cincirindo, na kuma ji muryar Dympna, wadda ba ta bukatar lasifika. Na sauko da gudu. Malam ne tsaye a bakin ƙofa, ya miƙa mata sule biyu.

“Malam, ku ai ba a karɓar kuɗinku,” in ji Dympna. “Ku wuce kawai.”

“Karɓi, 'yar nan.”

“Ranka ya daɗe, kun san me ake nufi in kuka biya? Mai sa ido ba ya biya. Wanda ya biya ɗan kallo ne. Ɗan kallo kuwa…”

Ya kira ta da sunan gidan ubanta. “Dympna Foy, ni na koya miki karatu, ba ke za ki karanta mini dokar da na rantse a kanta ba. Karɓi.”

Ta dube ni. Ta karɓa ta jefa a gwangwani.

Malam ya juyo kaina. “Hession.”

“Na'am, Malam.”

“Tun kana aji uku ba ka iya riƙe bakinka ba.”

“Haka ne, Malam.”

“Matsa in wuce.”

Bai koma kusurwarsa ba. Tsakiyar rumfa ya nufa, cikin 'yan dako masu warin kifi da taba, waɗanda ya zane yawancinsu suna yara. Suka matsa masa suna zazzare ido. Ya tsaya da kwat ɗinsa da laimarsa, ya ɗan kalli wasan yana yatsina fuska. Sai aka bugo wata ƙwallo ta sama, Malachy ya tsaya yana jira har ɗan Dublin ya riga shi. Muryar da duk yaron Kilvarna ya sani ta tashi ta cika fili.

“Malachy Durkan! Haka na koya maka tsalle? Tashi mata, kai!”

Malachy ya waiwayo kamar an mare shi. Ya ga ubansa a cikin rumfa. Na ga ya sa bayan hannu ya goge fuska, kuma ba ruwan sama yake gogewa ba.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau ba su daina faɗa ba. Da aka dawo hutun rabin lokaci ya rama mana da ka, a bugun kusurwa, ya tashi sama ya bar masu tsaron bayan Dublin a ƙasa suna kallon takalminsa. Ta biyu ya ja ta tun daga tsakiyar fili, ya wuce mutum uku, ya dirka ta a raga. Duk sau biyun na kira sunansa har lasifika tana ƙara. Packie ya baro ragarsa da gudu ya zo ya ɗane bayansa suka zube cikin taɓo. 'Yan Dublin sun rama gab da tashi, aka tashi biyu da biyu, amma ba wanda ya damu da wannan.

Ranar Talata kwamiti ya zauna a zauren coci. Wani da ke ciki ne ya ba ni labari. Shugaban kwamiti ya san abin da ke tafe, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce a ɗage batun sa ido sai bayan wasan ƙarshe. Malam ya miƙe ya ce ba za a ɗage ba.

“'Ya'yan ƙungiya biyu na gani a Filin Tasha. Ɗaya yana wasa, Malachy Durkan. Ɗaya yana kallo, ni.”

“Haba Malam,” in ji shugaban. “Zauna mu yi magana. Ai ba mu ji komai ba. Ka ce ba ka gani da kyau ba, shi ke nan, kamar yadda aka saba.”

“Na gani da kyau. An dakatar da ɗan Lavelle a kan maganata. In doka ce, ta hau kan kowa. In ba za ta iya hawa kan ɗana ba, to ku san irin dokar da kuke riƙe da ita.”

Ya ajiye musu makullin zauren ya fita. Ba yadda za su yi, suka dakatar da su biyun.

An buga wasan ƙarshe ba Malachy, ba Packie, aka lallasa mu. Garin bai yafe ba, kamar yadda na faɗa. An daina gaida Malam a ƙofar coci. Wasu kantuna uku suka ce ba sa son burodina, na ce su ci duwatsu. Malachy bai sake sa rigar ƙungiyar gargajiya ba, ko bayan da aka soke dokar, kuma na san wannan ya ci masa rai har ƙarshe, don yana son wasan nan kamar yadda yake son namu. Amma daga ranar ban ƙara kiran sunan aro a Filin Tasha ba. Samarin ƙauye suka fara zuwa atisaye da rana tsaka, su faɗi sunansu da na ubansu a bakin ƙofa. Masu leƙe ta saman katanga suka sauko suka shigo ta wurin Dympna. Wani mai neman 'yan wasa ya zo daga Ingila har sau biyu, Malachy ya ba shi shayi ya raka shi tasha, ya ce shi nan ne gidansa.

Malam kuwa bai ƙara fashin Lahadi ba, har sai da ƙafa ta gaza, Malachy ya riƙa kawo shi yana tallafe da shi. Wata rana bayan an tashi wasa na same shi zaune shi kaɗai a rumfa yana jiran ɗansa ya fito daga wanka. Tsokana ta ɗebe ni.

“Malam, ashe dai wasan 'yan barikin nan ya shiga ranku.”

Ya ɗago ya harare ni ta saman tabarau.

“Wasan banza ne, Hession. Mutum ashirin da biyu, Allah ya ba su hannuwa, sun ƙi amfani da su. Har in mutu ba zan so shi ba.”

“To me ya kawo ku cikin sanyin nan?”

“Ɗana na zo gani,” ya ce. “Kaka biyu yana nan a gabana, ina tsaye ban kalle shi ba.”